Akushin Anza da Na Mayar

A gidanmu na Wudil akwai wani mai koro shanu da ke sauka duk shekara. Daga ƙasar Faransa yake zuwa, wato tsallaken iyaka inda Faransawa ke mulki, wani ƙauye arewa da Magarya, ya kawo shanun mutane kara, kasuwar shanu, ranar Juma'a, ya kwana uku ko huɗu a zaurenmu, ya koma. Tun ina ƙarami nake ganinsa, har muna ce masa baffa, ko da yake ba abin da ya haɗa mu sai zaure da ƙwarya. Shi Badamagare ne, mu Kanawa, saboda haka da ya sa ƙafa a ƙofa sai ya ce, “Ina bayina? A zo a karɓi sanda.” Mahaifina ya ce, “Ga maroƙin tuwo ya iso, a ɓoye tukunya.” Haka suke tun kafin a haife ni.

Wata shekara, 'yan shekaru kafin Turawa su tafi, ya zo a ƙarshen damina ba saniya ko ɗaya, bai kuma nemi bayinsa ba. Ya zauna a kan dakali ya sha ruwa, sannan ya ba da labari. An yi musu ruwa kwana da kwanaki ba ɗaukewa. Tafkin da ke yamma da garinsu ya cika ya haɗu da korama, ruwa ya shigo gari. Mutane sun tsira sai kaɗan, amma ɗakuna sun zube, rumbuna sun narke da tsohon hatsi a ciki, gonakin kwari duk sun kwanta. Jama'a na kan tudu ƙarƙashin zana, ga ɗari na tafe.

Gidanmu gidan magina ne. Mahaifina a lokacin ciwon baya ya hana shi hawa bango, amma bakinsa yana da nauyi a cikin 'yan sana'a. Bayan sallar Juma'a ya tara waɗanda zai iya tarawa, aka sami mutum biyar da suka ce da an kai amfanin gona gida za su tafi. Akwai wasu 'yan'uwa biyu daga Darki, da wani dattijo daga Lajawa gwanin rufi, da wani mai jakuna daga Sabon Gari, sai ni. Ba wanda ya aike mu, ba kuma wanda zai biya mu. Saboda ni ɗan mai gayyar ne, aka ce ni ne gaba.

Ban kai talatin ba. Hannuna yana da kyau a bango, wannan ba zan ɓoye ba. Kuma a waɗancan shekaru na soma zama gaban wani malami bayan la'asar, na ɗan taɓa karatu, irin wanda bai kai ya gyara mutum ba amma ya isa ya kumbura shi. A kwana na huɗu da fitarmu, muna hutawa gindin wata tsamiya kusa da Ɓaɓura, baffa ya yi gaba neman rijiya, sai na kafa wa abokan tafiyata doka. Na ce mun ɗauko geronmu da kukarmu da daddawarmu, saboda haka kada wanda ya sa hannu a ƙwaryar mutanen garin. Na farko, ba su da shi. Na biyu, aikin Allah muka fito, wanda ya ci a kan aikinsa ya karɓi ladansa tun a duniya.

Dattijon Lajawa ya daɗe yana gyara igiyar takalminsa, sannan ya ce, “Ɗan nan, gayya ce fa za mu. Ni ban taɓa ganin an yi gayya an tashi da busasshen baki ba.”

Na ce, “Baba, wannan ba irin gayyar da ka sani ba ce.”

Ya ci gaba da gyaran takalminsa. Na ɗauka na rinjaye shi da hujja.

Mun shiga garin ranar kwana bakwai. Tun daga nesa wari ya tare mu, warin hatsin da ya jiƙa ya ruɓe a ƙarƙashin ƙasa. Inda dā gidaje suke ba ka ganin komai sai tsibi-tsibin laka, azara ta leƙo nan da can, gero ya tsiro kore shar a kan kufan rumbuna. Mutane suka gangaro daga tudu suka tare mu, mai gari a gaba, aka yi gaisuwa mai tsawo, aka yi mana sannu da hanya, muka yi musu jaje. Wani daga baya ya ce, “Ashe bayinmu ba su manta da iyayen gijinsu ba.” Aka yi dariya, mai yiwuwa ta farko tun da ruwa ya shige su. Mai jakunanmu ya ce, “Mun ji an ce Damagarawa sun koma kifi, muka zo da komar kamun kifi.” Aka sake dariya. Ranar nan kowa ya so mu.

Mako biyu na farko tubali muka yi ta bugawa. Mun sami jar ƙasa mai kyau a gabas da gari, maza suna haƙa suna takawa, mata suna kawo ruwa, tsofaffi suna sassaka ciyawar da za a cuɗa. Mu kuwa mun kafa zangonmu gindin wani gawo can gefe, muna girkinmu. Ba wanda ya ce komai, don aikin na gari ne gaba ɗaya, ba na wani mutum guda ba. Da tubali ya bushe sai mai gari ya raba mu gida-gida. Aka ba ni gidan wan baffa.

Tsoho ne dogo, mai haƙar rijiya a zamaninsa. Rijiya ta taɓa rufta masa, ƙafar hagu ta shanye, sai da sanda yake tafiya. 'Ya'yansa sun tafi cirani ba su dawo ba, daga shi sai matarsa, wata 'yar tsohuwa mai sauri kamar zabuwa, da akuya guda mai shayarwa da suka tsira da ita. Baffa ya gaya mini cewa kafin ruwa rumbun wansa ne mafi girma a unguwar, kuma ba a taɓa rufe zaurensa da yamma ba, duk wanda ya rasa tuwo can yake nufa. Yanzu suna kwana ƙarƙashin zana biyu da aka jingina da kututturen dabino. Abin da ake so shi ne ɗaki guda mai rufi kafin ɗari ya kankama, don tsohon yana tari.

Ranar da na ja layin harsashi, da rana ta take, matar ta fito da akushi a rufe da faifai ta ajiye a inuwa. Ta durƙusa ta ce, “Magini, a wanke hannu.”

Na ɗaga faifan. Anza ce. Ga wanda bai sani ba, 'ya'yan wani ƙaramin itace ne na jeji, masu ɗaci kamar maɗaci. Sai an jiƙa su kwana da kwanaki ana zubar da ruwan ana sake wani kafin su ciwu, kuma ba a neman su sai hatsi ya ƙare. Ta dafa su da kanwa, ta yayyafa ɗan gishiri, ta zuba nonon akuyar a kai.

Na mayar da faifan na ce, “Iya, Allah ya saka da alheri. Mun ƙoshi.”

“Ba ka ci komai ba tun safe, ina kallonka.”

“Abincina na can zango. Ku ci kayanku.”

Ta dube ni, ta dubi mijinta da ke zaune yana miƙo mini tubali ɗaya-ɗaya daga inda yake. Bai ɗaga kai ba. Ta ɗauki akushin ta koma.

Washegari ta sake kawowa, na sake mayarwa. Kashegari ma haka. A sauran gidaje huɗu abin da ke faruwa ke nan, don abokaina sun riƙe dokata, ko da yake daga baya na gane 'yan Darkin nan suna ɗan taɓawa in ba na kusa. Da yamma kuma mu koma gindin gawo mu tuƙa tuwon gero, mu kaɗa kuka da daddawa, iska ta kwashi ƙanshin ta kai wa mutanen da ke kan tudu. Ban taɓa tsayawa na yi tunanin wannan ba. Ni a ganina ma rangwame muke yi musu.

Gari ya soma sauyawa. Gaisuwar safe da a dā sai an tambaye ka gajiya da kwanan baƙunta da labarin gida, ta koma “ina kwana” a wuce. Matan da ke kawo ruwan kwaɓi suka ragu. Wasan bayi da iyayen giji ya ɗauke ɗif, kuma wannan shi ya kamata ya farkar da ni, don Badamagare ba ya daina zagin Bakano sai in da gaske ya ƙi shi. Wata safiya muka tarar an kwance jakunanmu an kora su cikin ƙaya. Na ce wa abokaina, “Kun ga halin mutane. Ka taho kwana bakwai a ƙafa don ka taimake su, ga tukuicin.”

Bango ya kai ƙugu ranar da tsohon ya yi mini magana. Ya riƙe tubali a hannu bai miƙo ba.

“Bakano.”

“Na'am, Baba.”

“Wa kake gina wa ɗakin nan?”

“Kai mana.”

“Ni ban ga alama ba. A garin nan, ban san naku ba, wanda ake yi wa gini shi ke ciyar da magini. In da nama, nama. In da dussa, dussa. Da haka ake sanin mai ɗaki. Kwana shida kana taɓa ƙasata, ba ka taɓa ƙwaryata ba.”

Na sauko daga kan bango na tsuguna, na yi masa bayani a hankali kamar yadda ake yi wa wanda bai yi karatu ba. Na ce mu ba don komai muka zo ba sai don lada, kuma ba ma son a rage mana shi da ko loma ɗaya.

Ya ce, “To, yanzu na fahimta. Lada kake ginawa. Ka ji an ce ruwa ya ci wani gurgu a arewa, ka ce ga gona ta samu, bari in je in shuka. Ni ne takin.”

“Baba, ba haka ba ne.”

“In kai ka tafi da ladanka cikakke, ni da me za ka bar ni? Ɗakin sadaka? Shekara arba'in ana cin tuwo a ƙofata. Ruwa ya ɗauke rumbun, na ce na Allah ne. Kai kuma ka zo ɗauke sauran.”

Ya ajiye tubalin a ƙasa, ya jawo sandarsa, ya koma ƙarƙashin zana. Daga ranar bai sake miƙo mini ko ɗaya ba.

Da la'asar baffa ya zo ya same ni ina yaɓe. Ya ja ni bayan bangon ya yi ƙasa da murya.

“Ɗana, don girman zumuncin da ke tsakanina da ubanka, ka ci loma ɗaya. Ɗaya tak. Ka runtse ido ka haɗiye. Na ci tuwon gidanku shekara nawa, ban taɓa jin ya rage wa ubanka lada ba.”

Da na tsaya a kan maganar lada, da ko banza ana iya cewa wauta ce ta mai ƙaramin sani. Amma na gaji, rana ta dake ni, kuma maganar tsohon tana ci mini rai tun safe. Sai na fake da wasan da ke tsakaninmu na ce, ina dariya, “Haba baffa, tuwon gidanmu ai tuwo ne. Wannan abin da kuke ci, ko akuyar Wudil ka ba ta sai ta kai ka ƙara gun alƙali.”

Baffa bai yi dariya ba. Idonsa na kan wani abu a bayana. Na juya, sai ga tsohuwar tsaye da tulu a ka, ta kawo mini ruwan kwaɓi. Ita kaɗai ce ta rage tana kawowa. Ta sauke tulun, ta juye ruwan a kan ƙasar kamar kullum, ba ta zubar da ko ɗigo a banza ba, ta ɗauki tulunta ta tafi.

A nan ne gaskiyar ta fito, kuma ni kaina sai a lokacin na ji ta. Ba tausayi kaɗai ya hana ni ci ba, ba kuma lada kaɗai ba. Ƙyama nake yi.

Washegari da na iso wurin aiki na tarar da fatar akuyar a shanye a kan danga, ɗanta yana ta kuka a ɗaure. Tsohon ya yanka ta da sassafe. Da azahar aka shimfiɗa tabarma a gaban ginin, aka kira mai gari da liman da abokan tafiyata duka huɗu. Tsohuwar ta kawo akushi biyu cike da nama, ta ajiye ɗaya a gabana ni kaɗai.

Tsohon ya ce, “Bakano, an ce abincinmu bai kai na akuyarku ba. To ga tamu akuyar. Ita ba ta kai kowa ƙara ba. Bisimilla.”

Kowa yana kallona. Dattijon Lajawa ya matso ya ce a kunnena, “Ci. Don Allah ci.” Shi ya fara sa hannu a ɗaya akushin, 'yan Darki da mai jakuna suka bi shi.

Na san abin da ya kamata in yi. Ba zan ce ban sani ba. Amma na ga in na ci, na amsa a gaban gari cewa nama nake jira, cewa duk maganar lada ƙarya ce. Sai na miƙe tsaye, a gaban liman da mai gari, na yi wa mutumin da ya girmi mahaifina faɗa. Na ce akuyar nan ita ce nononsu, ita ce abin da ya rage musu, ya yanka ta don girman kai. Na ce wannan almubazzaranci ne, kuma ba za a haɗa ni a cikin alhakinsa ba. Har na jawo wata magana da na ji a wurin malamina na ɗora, ban ma tabbata na faɗe ta daidai ba.

Liman ya ce, “Yaro, zauna.”

Ban zauna ba.

Tsohon ya dogara sandarsa ya tashi, sai da ya yi tari ya huta, sannan ya ce, “Mai gari, ka shaida. Kada mutumin nan ya sake ɗora tubali a filina.”

Da na bi wannan, da wani daga cikin abokaina da suka ci namansa ya ƙarasa ginin, da shi ke nan. Dattijon Lajawa ya ce in koma gidan da yake yi, shi ya karɓi nawa. Na ƙi. Na ce ni na ja harsashin, ni zan rufe, ba za a ce ɗan gidanmu ya bar gini a rabi ba. Washegari na koma na hau bango. Tsohon yana zaune ƙarƙashin zana yana kallona. Gurgu ne, ba zai iya sauko da ni ba, kuma mai gari ba ya son a ce an kori baƙin da suka zo taimako. Da wannan na yi amfani. Ni nake ɗebo ruwana daga tafki, ni nake kwaɓi, ni nake jifa da tubali sama in hau in jera. Ba mai yi mini sannu. Mata in za su wuce sai su ja mayafi su kau da kai. Wani saurayi ya tofar da yawu a gindin bangon ina kallo.

Kwana tara na yi a haka. Na jera azarar da aka tono daga tsohon ɗakinsa, na shimfiɗa zana, na zuba ƙasa, na fitar da indararo biyu, na yi yaɓe ciki da waje, na daɓe ƙasan. A duk ɗakunan da muka gina a garin ba wanda ya kai shi kyau. Da fushi na gina shi, kuma fushi yana sa hannu ya yi daidai.

A cikin kwanakin nan tsohon da matarsa suka soma nasu aikin. Tana yanko kara daga gonakin tudu tana jawowa, shi yana zaune yana ɗaurewa. Kafin in gama yaɓe sun kafa 'yar bukka, taku goma daga ƙofar sabon ɗakin, suka juya bayanta ga ɗakin.

Ranar da za mu tafi na je sallama. Na tsuguna a bakin bukkar na ce, “Baba, ɗaki ya gamu. Allah ya sa a shiga a sa'a.”

Daga ciki ya ce, “Ka rufe ɗakinka da kyau, kada awakin mutane su ɓata maka.”

Mai gari ya raka mu bakin gari shi da mutum uku. Ya yi wa abokaina godiya ɗaya-ɗaya, ya riƙe hannun dattijon Lajawa ya daɗe. Ni ya ce mini, “A gai da mutanen gida.” A hanya kwana bakwai ba wanda ya tayar da maganar. Da muka iso Wudil aka tare mu kamar mun dawo daga Makka, ni kuwa na karɓi addu'o'in mutane ban ce uffan ba. Mahaifina bai ji labarin daga bakina ba.

Da kaka ta zagayo baffa ya koro shanu, amma bai sauka gidanmu ba, ya sauka wurin wani mahauci kusa da kara. A nan mahaifina ya bi shi ya ji komai. Ya dawo bai yi mini faɗa ba, ya dai ce, “Je ka, yana son ganinka.”

Na same shi a kara yana duba kofaton wani sa. Bai ce bawana ba. Ya kira ni magini.

“Magini, wana ya ba ni saƙo. Ɗakin na nan, damina ba ta taɓa shi ba, ya ce a gaya maka hannunka na da kyau. Bai shiga ba. Ɗarin bara a bukka ya yi shi, tarin ya kusa kai shi. Ya ce in ka zo ka zauna a tabarmarsa ka ci abin da Allah ya hore, ko mene ne, ranar zai shiga. Ba ya neman ka ba shi haƙuri. Ci kawai.”

Na ce, “In sha Allahu da rani zan je.”

“Ina komawa jibi. Ga hanya, ga abokin tafiya.”

“Ina da ginin wani a hannu. Sai na gama.”

Gaskiya ne ina da gini a hannu. Magini kullum yana da gini a hannu. Na sayi goro da turmin farin yadi na ba shi ya kai. Shekara ta zagayo ya dawo mini da yadin a naɗe yadda na ba shi, ya ce goron ya bushe a hanya, shi ya sa bai dawo da shi ba. Ya maimaita saƙon, kalma ɗaya ba ta sauya ba. A shekarar matata ta haihu. Ta gaba mahaifina ya kwanta ciwo. Ta gaba kuma na ce hanya ba lafiya, ana ta rigimar siyasa a ƙauyuka. Kowane dalili na gaske ne, ba wanda na ƙaga. Amma tafiyar kwana bakwai ce, kuma na yi wadda ta fi ta a waɗannan shekaru don ɗaurin auren aboki. Abin da na kasa shi ne in shiga garin nan a ƙafa, in wuce matan da suka kau da kai, in zauna a gaban tsohuwar ta ajiye mini akushi. Na fi son tsoho mai tari ya ƙara ɗari ɗaya a bukka da in sha wannan kunya ta yini guda. Haka na auna su, shekara huɗu a jere, kuma kullum amsa ɗaya nake samu.

A shekara ta biyar baffa ya zo, na je kara da niyyar in ce masa bana kam zan bi shi. Ko da gaske nake, Allah kaɗai ya sani, don ban kai ga faɗa ba. Yana ganina ya ce, “Ka huta, magini. Ya rasu da ɗarin da ya wuce.”

Na yi salati, na yi masa ta'aziyya, ya amsa kamar yadda ake amsa wa kowa. Na tsaya ina juya hula a hannu, sannan na tambayi abin da ba ni da ikon tambaya. Na ce ko a ƙarshe, da ciwo ya tsananta, an samu an shigar da shi ɗakin.

Ya ce da jikin ya yi nauyi mai gari da kansa ya zo ya roƙe shi, ya ƙi. Da ya cika, masu wanka suka ga bukkar ba ta ɗaukar mutum uku, suka ce a kai shi ɗakin a yi masa sutura a can, tunda yana da rufi da ƙofa. Har sun ɗauko shi, tsohuwar ta tsaya a bakin ƙofar ta ware hannuwa. Ta ce bai shiga da ƙafarsa ba, ba za a shigar da shi a kan hannu ba. Sai aka kewaye bayan bukkar da zana, a can aka wanke shi.